Ranar da Na Fara Tallar Alƙalamina

Wannan watan ban zo muku da hirar jarumi ko tsegumin lokeshin ba, labarin kaina na kawo. Dalili kuwa, kusan duk mako sai wani matashi ya tare ni ko ya turo saƙo: "Yaya, ni ma fa ina rubutu, ya zan yi a san ni a industiri?" To ga amsar, yadda abin ya faru da ni.

Da na gama difloma a aikin jarida, na ɗauka aiki na jira na a ƙofar makaranta. Ina! Abin da na samu shi ne irin aikin nan na kawo labari, in an buga a biya ka. In wata ya yi kyau in samu na mota da na data, in ya ƙi in koma wajen Umma neman rance. Ran nan ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, mai ƙosai ma sai ta fito bakin titi ake ganin ta. Ka ƙule a ɗaki da waya, wa zai san kana sayar da wani abu?" Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce.

Sai na zauna na tambayi kaina: wa ma ke buƙatar rubutu a harkar fim yau? Na gabanmu sun taso da kasuwarsu a fili. Tun daga Turmin Danya a 1990 harkar ke hawa, a 1999 Sunusi Shehu Daneji ya raɗa mata suna Kannywood a mujallarsa Tauraruwa, a shekarar kuma Ibrahim Sheme ya fara buga Fim. Lokacin kaset da fosta ne, kasuwa tana Ƙofar Wambai da Bata. Mu kuwa mun zo kaset ya mutu, sidi ya bi shi. Arewa24 ta buɗe a 2014, sannan finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka karɓe gari a 2020, YouTube ta zama babbar kasuwa.

Nan na gano abin da na daɗe ina kallo ban lura ba. Fim mai dogon zango duk mako yana fitar da sabon kashi, kowane kashi kuma yana son kanu, da taƙaitaccen labari, da fassarar Turanci a ƙasa, wato sabtaitil, da abin da za a liƙa a Facebook da Instagram. Ga wasiƙar neman masu ɗaukar nauyi. Duk rubutu ne. Kuma a wurare da dama edita ne ke yin sa ƙarfe biyun dare, ido na rufewa.

Yunƙurina na farko abin dariya ne. Na buga kati guda 100, na sa "Marubuci Mai Zaman Kansa", na bi Zoo Road ofis-ofis ina rabawa. Kowa sai ya ce, "To madalla, za mu neme ka." Ba wanda ya nema. Bayan sati biyu na koma wani situdiyo, wallahi na ga katina an ninke shi an tokare ƙafar tebur don kar ya yi gurgunta. Na yi dariyar yaƙe, na fita.

Ranar na gane ba wanda ya damu da ko ni wane ne, kowa damuwarsa ce a gabansa. Sai na sauya salo. Na ɗauki tirelar wani sabon fim, na ga fassarar ta bar hanya, bayanin da ke ƙasa kuma lambar waya ce kawai. Na kwana a kai. Na gyara fassarar minti biyar, na rubuta labarin a layi uku ba tare da na tona ƙarshensa ba. Ban tura ta waya ba, zuwa da kai ya fi saƙo.

Na gaishe da furodusan, na ce, "Alhaji, ga wani abu na yi, a duba. In bai yi ba a yar." Ya karanta shiru, ya sake karantawa, sai ya ƙwala wa editansa kira: "Kai, zo ka gani!" Kafin in tashi ya ba ni kashi biyu in gwada. Gani ya kori ji.

Daga nan aiki ya fara zuwa, ta hanyar da ban zata ba. Editan nan shi ya faɗa wa wani darakta, mai kontiniti ya faɗa wa wani furodusa. Don haka kar ka raina ƙananan ma'aikata kana neman hoto da jarumi. Su ke yawo lokeshin-lokeshin, su ake tambaya, "Ka san mai yin kaza?" Kuma ba abin da ke sa su ambaci sunanka kamar cika alƙawari. In ka ce Laraba, ta zama Laraba.

Amma na sha wuya a hannun kunya. An rene mu a kan cewa yaro ba ya yabon kansa, ba ya yanka wa babba farashi. Wani furodusa ya ba ni fassarar kashi 13, da na ɗan taɓo zancen kuɗi ya ce, "Haba ƙanena, ai mun zama ɗaya. A saki fim tukuna, za a sallame ka." Fim ya fita, an gama zangon, har yau ko sisi. Kunyar mara kunya asara ce. Yanzu kafin in taɓa aiki sai mun rubuta a WhatsApp: kashi nawa, nawa ne, yaushe. Rabi kafin, rabi bayan.

Jarrabawa mafi girma ta zo daga baya, kuma saboda ita na yi wannan rubutu. Wani mai fim ya kira ni ya ce zai riƙa ba ni albashi duk wata. Lokacin kuɗin makarantar ƙanwata ya taso, gida ba komai. Har na fara godiya, sai ya ƙara: "Amma fa sharhin da kake yi a mujalla, fim ɗina ya sha yabo. Na wancan yaron kuma ka ɗan taɓa shi."

Ba zan yi muku ƙarya ba, sai da na kwana biyu ina juya abin. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In na karɓa, ran da na ce muku fim ya yi kyau, ta ina za ku san ni ne ke magana ko aljihunsa? Na koma na ce, "Yallaɓai, fassara da talla zan yi maka, sharhi kuwa na masu karatu ne." Ya ce ashe ban shirya cin abinci a industiri ba. Bai ƙara kira na ba. Kuɗin makarantar sai da Umma ta ɗauki adashi.

Tun ranar na kafa wa kaina doka, na kuma faɗa wa editanmu: duk fim ɗin da na ci kuɗinsa, ba ni ba sharhinsa. A ba wani.

To ƙanena mai tambaya, ka fito bakin titi kamar mai ƙosan Umma, ba laifi ba ne. Daren yau ka zaɓi tirela ɗaya, ka gyara, gobe ka kai da ƙafarka. Ka faɗi farashinka da ladabi, ka rubuta. Sai dai tun kafin yunwa ta zo, ka san abin da ke cikin farantinka da abin da ba na sayarwa ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.