Gem ɗin da ke sakin yaro da wanda ke riƙe shi

Gyaran rediyo da talabijin ne sana'ata tun ina saurayi, ita ce kuma ta haɗa ni da gem tun kafin yawancin sa'o'ina su san da shi. Yara kan kawo na'urar gem ɗin da ta daina kamawa, in buɗe in gyara, sai ya zama dole in buga in tabbatar gyaran ya yi. Da haka hannuna ya faɗa. Yanzu da furfura ta cika kai, iyaye kan tare ni a ƙofar masallaci ko wurin ɗaurin aure su ce, “Malam, kai ka san kan abubuwan nan. Mu saya wa yara ko mu hana su?” Ba na yanke hukunci sai na ji wane gem ake nufi. Abin da nake dubawa shi ne, in aka kira salla ko uwa ta aiki yaro, gem ɗin yana sakinsa ya tafi da daɗin rai, ko kuwa an gina shi ne don ya riƙe shi.

Wanda na fi so har gobe Tetris ne. Wani injiniya mai suna Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro shi a Mosko a 1984, zamanin Tarayyar Sobiyet, ya kuma game duniya bayan an haɗa shi da Game Boy a 1989. Mu nan galibi a 'yar na'urar roba mai batir muka san shi, wadda ake kira Brick Game. Tubala ne iri bakwai suke faɗowa daga sama, kowanne an haɗa shi da 'yan murabba'ai huɗu. Layin da ka cika ya ɓace. Inda ka bar rami kuwa, ramin yana nan, wasu tubalan su hau kansa su binne shi, kuma ba za ka kai gare shi ba sai ka share duk abin da ke bisansa.

Na daɗe ina kallon yara suna buga shi a bakin shagona, har na iya gane halin yaro da shi. Akwai wanda da zarar ya ajiye tubali ɗaya a muhallin da bai dace ba sai hankalinsa ya tashi, ya fara jefa sauran ko'ina, nan da nan wasa ya ƙare. Akwai mai dogon buri, wanda zai yi ta tara gini yana barin gefe guda, yana jiran dogon tubalin nan da zai share masa layi huɗu lokaci ɗaya, har ginin ya taɓo sama bai zo ba. Sannan akwai mai natsuwa, wanda zai bar kuskurensa a inda yake, ya riƙa share layi ɗaya-ɗaya har ya tono ramin ya cike shi. Yaron da ya koyi wannan ya koyi abin da zai amfane shi a kasuwa da zaman aure. Wasan kuma 'yan mintoci ne. Ka ajiye shi wata guda, ba abin da zai ragu a kanka.

Bayansa sai Super Mario Bros. na 1985, aikin Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo, kamfanin da ya fara da buga katin karta a birnin Kyoto na Japan tun 1889. Ya iso mana a kaset masu ruwan ɗorawa da ake cusawa a na'urorin kwaikwayo masu araha. Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne yadda yake koyar da mai bugawa ba da magana ba. A matakin farko za ka ga wata 'yar halitta tana tahowa. In ta taɓa ka ka mutu, in ka yi tsalle ka taka ta ka wuce. Shi ke nan ka gane dokar wasan. Yaran da ba su san ko harafi ɗaya na boko ba sun iya shi sarai. Rai uku ake ba ka, matakai 32 ne, ba a ajiye inda ka tsaya, in an ɗauke wuta ka koma farko. Amma yana da ƙarshe, kuma kaset ɗin da ka saya sau ɗaya ba ya sake tambayarka ko kwabo.

Da PlayStation ya fito a 1994, ƙanensa PlayStation 2 ya biyo a 2000, sai shagunan gem suka cika unguwanni, ƙwallo kuma ta zama sarauniya: Winning Eleven na kamfanin Konami, sannan FIFA. Mutane da dama sun tsani waɗannan shaguna, ni kuwa ina ganin alheri a cikinsu. Zaman irin na 'yan dara ne a gindin bishiya: biyu suna karawa, goma suna kallo suna ba da baki, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ɗin ya koma layi. Yaro yana koyon shan kashi a bainar jama'a ba tare da ya yi kuka ko faɗa ba, yana koyon jiran layinsa, kuma abokin karawarsa ɗan maƙwabta ne da za su haɗu gobe a makarantar allo. Ɓarnar tana shigowa ne ta wurin mai shagon da ke buɗe wa yara lokacin makaranta, da kuma ranar da aka fara ɗora kuɗi a kan wasa. Daga nan caca ce, ko da kuwa naira ashirin aka sa. Mai shagon da ya hana waɗannan biyu, ya kuma rufe in an kira salla, ni ba ni da ja da sana'arsa.

Wani abu da iyaye da yawa ba su lura da shi ba: gem na asali yana ɗauke da alamar shekarun wanda ya dace ya buga shi. Hayaniyar da zubar jinin Mortal Kombat ta tayar a Amurka ce ta sa aka kafa hukumar tantancewa a can a 1994, Turai kuma ta kawo nata tsarin a 2003, mai lamba 3, 7, 12, 16 da 18. Grand Theft Auto V lamba 18 yake ɗauke da ita, sata da kisa da gidajen baɗala ne cikinsa, amma sai ka tarar da ɗan shekara tara yana bugawa, uban yana tsammanin tseren mota ne. Wannan kam a hana, ba wata-wata.

Damuwata ta fi yawa a kan na waya, waɗanda ake cewa kyauta ne. Macijin Nokia 3310 ma a waya yake, bai taɓa neman kuɗin kowa ba. Na yanzu, irin su Free Fire da PUBG, kamfanonin da suka yi su dole su ci riba, tun da kuwa ba su sayar maka da wasan ba, lokacinka da aljihunka suke nema. Ana ba ka tukuici in ka shiga kowace rana, ranar da ka fasa ya wuce ka. Ana sa kaya na 'yan kwanaki, in ba ka saya yau ba gobe babu. Wasa ne da mutane da yawa ta intanet, don haka ba a dakatar da shi. Yaro ya ji kiran uwarsa ya ce “Ina zuwa, Mama”, alhali ya san in ya tashi ya zubar da abokan ƙungiyarsa. Mafi muni shi ne akwatin sa'a: ka biya kuɗi, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Har ƙwallon da muke so ta shiga wannan, a sashen da ake sayen fakitin 'yan wasa. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan akwati caca ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019, China kuwa a 2021 ta taƙaita wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 gem ɗin intanet zuwa awa uku a mako. Mu ba mu da irin wannan doka, saboda haka aikin ya rataya a wuyan uba da uwa. Kada a haɗa katin banki da wayar da yaro ke riƙewa, kuma wayar ta kwana a ɗakin iyaye.

Ba duka sababbi ne haka ba, kuma ba na son a ɗauka tsufa ne ya sa nake yabon na da. Minecraft, wanda ya fito daga Suwidin a 2011, na gani da idona yadda yake sa yaro ya yi tunani. Filin Allah ake ba shi, ya sare itace, ya haƙo dutse, ya gina gida kafin dare. Ana iya buga shi ba data, kuma in ka bar shi mako guda gidanka yana nan yadda ka bari. Wata jikata ta gina irin gidanmu a ciki, da zaure da rumbu da rijiya, ta zo tana tambayata dalilin da ya sa ake ɗora rumbu a kan duwatsu.

Ga samarin da suka tasa, masu kwamfuta a gida, ina ba da shawarar Age of Empires III. A 2021 aka ƙara Hausawa cikin al'ummomin da ake iya zaɓa, da Kano a matsayin babban birni, da mahaya masu lifidi, da Sarauniya Amina a matsayin jagora. Civilization VII na 2025 ma ya sa Amina ta Zazzau cikin shugabanninsa. Raina ya yi fari ranar da na ga lifidi a allon kwamfuta. Sai dai wasanni ne masu cin lokaci, zama ɗaya yana iya lashe yammaci guda, don haka na Asabar da Lahadi ne. Waɗanda suka tsara su kuma baƙi ne, sun ɗauki abin da zai yi daɗin wasa sun bar saura. Uba ya zauna kusa da ɗansa, in an zo kan Amina ya ba shi labarin ganuwa da yaƙe-yaƙenta yadda ya ji daga manya, in da hali ya kai shi Zariya ya ga ragowar ganuwar birnin da ƙofofinta.