Tafkin Al Forsan: Kafin Ki Saya wa Yaro Allon Zamiyar Ruwa

Uwargida, idan hutu ya kai ku Abu Dhabi, ku leƙa tafkin Al Forsan da la'asar. Ba kwalekwale ke jan masu wasa a nan ba, igiyar ƙarfe ce a sama take zagaya tafkin, su kuma suna zamiya a kan allon da ake kira wekbod.

Ɗanki na gani zai ce sai an saya masa. Kada ki yi gaggawa, ku fara da na haya.

In lokacin saye ya yi, nauyin yaro ake dubawa, ba shekarunsa ko kalar allo ba. Wanda bai kai kilo 45 ba, allon da ke ƙasa da santimita 130 ya ishe shi. In kina wasiwasi tsakanin biyu, ɗauki mai ɗan tsayi, ya fi zama daram a ruwa. Takalman allon su kama ƙafa ba tare da takura ba.

Rigar ceto da hular kwano kuwa dole ne, ko ya iya iyo. Allah Ya tsare mana su.