Shari'ar bashi a Tawa, kamar yadda na tarar da ita

Ni ɗan Afala ne, kuma a kotun Tawa na koyi aikin lauya. A farkon shekarun 1990 kusan duk lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan taso daga can da jakar takardu, ya bi ta Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, tafiyar fiye da kilomita 500, ya iso mana da ƙura har a gira. In aka ɗaukaka ƙara kuwa, Yaman za a koma, don Tawa ba ta samu tata kotun ɗaukaka ƙara ba sai daga baya.

Shari'o'in 'yan kasuwar Adar kusan duk na bashi ne. An loda albasar Galmi zuwa Abijan ko Akara, kuɗi bai dawo ba. An kori shanu daga Abalak zuwa Najeriya, an biya rabi, saura sai alƙawari. Dukiya ce mai yawa, amma ba wanda ya sa hannu a ko'ina.

Ina tuna wani dattijo daga wajenmu da ya zo neman kuɗin albasarsa. Maigidana ya ce masa, "Alhaji, ina takarda?" Ya ce, "Metir, wace takarda? A gaban dillali muka tafa, tare kuma muka yi sallar la'asar." Maigidana bai sallame shi ba. Ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, ya sa ni gaba muka nemo dillalin a rumfarsa. Bayan doguwar gaisuwa mutumin ya zaro wani ɗan littafi da ya sha maiƙo, inda yake rubuta la'adarsa da ajami, buhu kaza, ran kaza ga watan kaza. Daga nan muka lalubo direba, shi ma ya tuna yawan lodin da ranar da ya sauke. Doka ta yarda a kafa hujja tsakanin 'yan kasuwa ta kowace hanya, amma alƙali yana son abin da zai riƙe a hannu. Don haka muka aika usiye, wato jami'in da ke isar da takardun kotu, ya tambayi wanda ake bi, ya rubuta amsarsa. Mutumin ya ce, "Ban musa ba, sai dai a yi mini haƙuri zuwa kaka." Wannan magana guda ita ta ci shari'ar. Har yau ina ganin aikin lauyan kasuwanci a ƙasarmu daga rumfa yake farawa.

Sai zamani ya juya. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, wanda ya ɗauki kayan waje bashi ya wayi gari da rigima a kan farashi. Kafin nan, ran 17 ga Oktoba 1993, an sa hannu a yarjejeniyar OHADA a Port-Louis, wadda ta haɗa dokokin kasuwanci na ƙasashen da yanzu sun kai 17. A 1998 dokar karɓar bashi ta fara aiki, ta kawo hanyar gaggawa: alƙali ya ba da umurnin biya ba tare da an kira wanda ake bi ba, muddin bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, lokacin biyansa kuma ya yi. Muka yi murna, amma hanyar tana son takarda, ga ta da tsauri. Dole a isar da umurnin cikin wata uku, in kuma usiye ya tsallake wani bayani da doka ta wajabta, duk aikin ya rushe. Na ga manyan shari'o'i sun faɗi a kan layi guda. Ƙarshen ɗaukaka ƙara ma ya koma kotun OHADA a Abijan, garin da 'yan Adar suka daɗe suna zuwa cirani.

Abin da na fi kewa shi ne haƙurin mutanen da. Maigidana ba ya shigar da ƙara sai ya tambaya ko an je wurin maigari, don doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu har a harkar ciniki. Yakan tuna mana cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma sau da yawa mai bi da wanda ake bi surukai ne. Yana da wani dalilin kuma: samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Dukiyar mutumin arewacin Adar tana tafiya da ƙafa huɗu. Kafin usiye ya iso, damina ta faɗi, garke ya haura Azawak.

An sake dokar karɓar bashi ta OHADA ran 17 ga Oktoba 2023 a Kinshasa, ta fara aiki ran 16 ga Fabrairu 2024. Ta tanadi hanyar kama dabbobi ta musamman, abin da muka daɗe muna buƙata. Amma ta rage wa'adin ƙalubalantar umurnin biya daga kwana 15 zuwa kwana 10. Ga mutumin Afala ko Barmu da ba ya karanta Faransanci, wanda zai ajiye takardar a aljihu sai ranar kasuwa, wannan wa'adi gajere ne ƙwarai. Ƙannena masu sabuwar riga, ku gaya wa mutanenku da Hausa cewa ranar da usiye ya miƙa musu takarda, a ranar za su kira ku.