Abin da Na Ɓoye wa Yayana

Na taso a inuwar yayana. Makarantarmu ɗaya, shi kullum na ɗaya a ajinsu, ni kuwa ina can tsaka-tsaki. Duk ƙarshen zango sai malamin Turanci ya rubuta mini kalma guda a katin sakamako, "emulate", ya bi ta da sunan Yaya. Na kai wa Baba, ya ce, "Cewa ya yi ka yi koyi da yayanka."

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, koyi bai ishe ni ba. So nake in wuce shi. Wannan buri ya daɗe yana ba ni kunya, domin a gidanmu ƙane ba ya haɗa kafaɗa da wansa. Ina karatun dare a ɓoye, ina zargin kaina da hassada.

Sai a kwalejin horar da malamai ƙamus ya nuna mini cewa ma'anar kalmar ta fi ta Baba faɗi: ƙoƙarin kamo wani, ko ma zarce shi. Tushenta Latin ne, "aemulus", wato abokin gasa, kuma ta shiga Turanci a ƙarni na 16. Da can har da ɗacin kishi a cikinta, shi ya sa fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 ta jera ta cikin munanan halaye. Yau ta yi laushi. 'Yan siyasarmu sun mai da ita kalmar ta'aziyya, duk wanda ya rasu sai a ce rayuwarsa abar koyi ce, ba mai niyyar kamo shi, balle wuce shi.

Ƙamus bai wanke ni ba, wani malamin zaure ne ya kwantar mini da hankali. Ya ce mai hassada so yake ni'imar ɗan'uwansa ta gushe, mai gibɗa kuwa irinta yake nema ba tare da ta wancan ta ragu ba. Na binciki zuciyata, ban taɓa fatan Yaya ya faɗi ba.

A lissafi ban kamo shi ba har yau. A rubutun insha'i na wuce shi, kuma shi ya fara faɗa. 'Yan'uwana malamai, in kun rubuta wa yaro wannan kalma, ku gaya masa yana da izinin wuce wanda kuka nuna masa.