Shekara Biyu ko Saba'in

Babu kalmar da ɗalibin Nijar ya sha ji kamar "haƙuri". Kuɗin burs sun yi wata huɗu ba su fito ba, a yi haƙuri. Shekarar karatu ta hau kan wata shekarar har mutum ya rasa ajin da yake, a yi haƙuri. Ka gama lisans, ka yi sabis sibik, ka kai dosiye inda aka ce ana ɗaukar ma'aikata, mai gadin ƙofa ma ya iya ta: "Sai hanƙuri, samari, ka komo wani sati." Kalmar ta zama kamar tsohuwar dala, ta sha hannu har rubutun jikinta ya goge. Sau tari wanda ya ce maka ka yi haƙuri so yake ka tashi ka ba shi wuri.

Ni Kirista ne, ɗan wani ƙauye da ke yamma da Tsibiri. Na san mafi yawan masu karanta wannan ɗan littafi Musulmi ne, abokaina na aji da na fada, waɗanda muka sha shayi da su har kuɗin sukari suka ƙare. Ba wa'azi na zo yi ba. Layi ɗaya muke bi, takardu iri ɗaya muke riƙe da su. Abin da nake so in faɗa shi ne yadda wannan jira yake daga gefen da nake tsaye, yau shekara uku ke nan da karɓar digiri.

Abu mafi wuya a jira, a ganina, rashin rana ne. Da za a ce mini sai bayan shekara biyar cif, da na san yadda zan yi da kaina. Amma babu mai faɗa. Kaziye judisiyer wata uku yake yi ya mutu, ka sake biyan kuɗi ka sabunta, ka sake buga takardu a wajen mai fotokopi, ka ji an ce za a buɗe kwankur, ka ji an ce an ɗaga. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙasar gaba ɗaya ta shigo wannan layi tare da mu: iyakoki a rufe, Najeriya ta yanke wuta, shinkafa ta yi tsada, kowa da rediyo a kunne yana jiran abin da CEDEAO za ta yanke. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. A watannin nan na ga dattawa da suka saba ce mana mu yi haƙuri su ma suna tambayar juna, "To sai yaushe?"

Inda babu rana, masu sayar da rana ba sa rasa kasuwa. A wayoyinmu na matasan ikilisiya akwai su da yawa, masu wa'azi da babbar murya da kwat mai ƙyalli, bidiyonsu na yawo a WhatsApp. Wannan shekarar taka ce. Kafin wata ya mutu za a kira ka. Ka ce amin, ka tura wa mutum goma, wani lokaci ma ka tura ɗan abin "shuka". Daren 31 ga Disamba kuwa ba a magana. Na san wata ƴar'uwa a zumuntar matasa da aka yi wa irin wannan alkawari a kan aure, da sunan wata da komi. Watan ya zo ya wuce. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ta zargi mai alkawarin ba, kanta ta zarga, wai bangaskiyarta ce ta gaza. Ta yi wata biyu ba ta taka majami'a ba don kunya.

Wannan ciniki ba sabo ba ne, yana cikin littafin annabi Irmiya. An kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila, zukata sun karaya, sai wani mai suna Hananiya ya tashi a gaban jama'a a Haikali ya ce cikin shekara biyu komi zai dawo daidai. Wa zai ƙi jin haka? Irmiya kansa ya ce amin, Allah ya sa. Amma saƙon da aka ba shi dabam ne. Ya rubuta wa waɗanda ke bauta wasiƙa cewa zaman zai kai shekara saba'in, don haka su gina gidaje, su yi lambuna su ci amfaninsu, su yi aure su aurar, su kuma nemi alherin garin da aka kai su. Duk mai shekara talatin da ya ji an karanta wasiƙar nan ya san ba shi ne zai koma gida ba. Akwai wata aya a cikin wasiƙar, mai maganar bege da makoma, da muke son rubutawa a bangon kaye da katin gayyatar biki. Ba kasafai muke tuna cewa layin da ke gabanta shi ne na shekara saba'in ɗin ba.

Na daɗe ina juya wannan labari. Hananiya ya fi daɗin saurare, kuma da ina wurin ban san gefen wa zan tsaya ba. Sai dai duk wanda ya gaskata shi zai zauna da kayansa a ɗaure, ba zai dasa ko itace ɗaya ba, don mi za ka dasa abin da ba za ka ci ba? Shekara biyu ta cika, ya ƙara biyu, har tsufa ya same shi a bakin ƙofa da ƙunshi a hannu. Na san irin wannan zama. Muna yin sa a fada, daga shayi na ɗaya zuwa na uku, muna lissafin albashin da ba mu fara karɓa ba.

Wani abin da na lura da shi kuma, mutanen Littafi Mai Tsarki da ake ba mu misali da su a kan haƙuri ba masu shiru ba ne. Ana cewa haƙurin Ayuba, amma wanda ya karanta littafin ya san Ayuba ya la'anci ranar da aka haife shi, ya yi gardama da abokansa babi bayan babi, ya nemi Allah ya fito su yi shari'a. A ƙarshe abokan nan masu ba shi baki su aka tsawata wa. Zabura cike take da masu tambayar Allah har yaushe. Yusufu yana ɗan shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, kuma a kurkuku bai naɗe hannu ba: ya roƙi mai shayar da sarki ya ambace shi in ya fita. Mutumin ya manta da shi shekara biyu cur. Wanda ya taɓa ba wani babba dosiye aka ce masa "bar mini, zan duba" ya san wannan shekara biyun.

Don haka idan ɗalibai suka fito suna neman haƙƙinsu, wani ya ce mini ai Kirista haƙuri aka san shi da shi, ba na yarda. Haƙurin da nake yi da Allah dabam, wanda ma'aikacin da ya danne takardata yake nema a wurina dabam. Allah bai ci mini bashi ba. Ma'aikacin kuwa aikinsa ne, ana biyan sa a kai.

Wanda ya fi koya mini wannan abu bai yi lakkwal ba. Babana manomi ne, dattijo a ƴar majami'armu ta laka. Yana saurayi aka yi yunwar 1984, lokacin da gonakin yankin Maradi suka zama fili fetal, iska na kwasar ƙasa tana binne shuka. A shekarun nan ne wani ɗan mishan na SIM daga Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya: ka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, ka datse sauran, ka kare su daga awaki da masu neman itacen girki. Shi ne ake kira sassaben zamani. Da farko dariya aka yi ta yi, an ce gonar da ke da itace gonar malalaci ce, kuma da aka daina raba abinci mutane da yawa sun sare nasu. Kakana na cikin waɗanda suka bari. Yau ana maganar kadada wajen miliyan biyar da suka sake yin itatuwa a kudancin Nijar ta wannan hanya, kuma a gonarmu akwai gawo da kalgo da sabara da suka girme ni.

Baba ba ya mai da wannan wa'azi, aiki ne kawai a wurinsa. Haka ma binne. Kowace bazara, ƙasa na ƙuna, babu ko gajimare, yakan fita ya binne irin hatsi a busasshiyar ƙasa. Wata shekara ruwa ya zo da kyau ya riga kowa. Wata shekara a yi ɗan yayyafi iri ya tsiro, rana ta ƙone shi, ya koma rumbu ya ɗebo wani. Na taɓa tambayar sa ko ba ya jin haushin Allah idan haka ta faru. Ya ce, "Ina ji mana. Ina hwaɗa mishi kuma. Kai dai miƙo min kwashe." Addu'arsa ta asuba takan yi tsawo a irin waɗannan kwanaki, kuma ba duka ne godiya ba.

Inna ita ce mai wuyar sha'ani. Duk ranar Lahadi da yamma takan kira ta wayar ƙanena. "Ɗana, an kira ka?" In ce tukuna, Inna. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce zumuntar mata sun sa ni a addu'a ranar Alhamis. Na san akuyoyi nawa aka sayar don karatuna. Babu ayar da ke rage nauyin wannan kira, kuma ban ga dalilin da zai sa in yi kamar akwai ba. Wani abokina da muka gama tare ya kasa jure irin wannan kira, ya hau mota zuwa Agadas, daga nan wajen haƙar zinariya a Jado. Ba na ganin laifinsa. Wata bakwai ke nan rabon da lambarsa ta shiga, sunansa na cikin addu'ata, uwarsa kuma tana kai nata masallaci ta bakin liman.

Ni dai na kwance ƙunshina. Ina koyar da lissafi ga yara tara ƴan ajin BEPC a zauren maƙwabcinmu Alhaji, wanda ya ba ni wurin kyauta da sharaɗin in haɗa da jikarsa. Kowane yaro jika biyu a wata, wasu sukan biya, wasu sai an ga hali. Ranar Asabar ina bin wani mai gyaran sola ina riƙe masa tsani, har na fara gane waya. Ba wannan na yi wa karatu ba, kuma idan aka kafe sunayen kwankur gobe da ni za a yi turereniya a gaban allo. Jikar Alhaji ta ci jarrabawarta bara. Bana ya ce in zo da benci na uku, akwai yara huɗu daga bayan kasuwa da ke son shiga.