Bargar Tsofaffin Dawakin Tsere a Newmarket

A watan Yuni na shekarar 2023 mu malamai biyar muka tafi Ingila ziyarar waɗansu makarantu. Ran Asabar ba aiki, sai mai masaukinmu ya ɗauke mu a mota daga Kambirij zuwa Newmarket, tafiyar kamar mil 14.

To, ku masu karatu, in kun ga hawan salla a Kano ko Katsina kun ga dawaki da yawa, amma na yini guda ne. A Newmarket kowace safiya haka take. Dawakin da ake horarwa domin tsere a garin sun kai wajen 3,000, har an keɓe musu hanyoyinsu dabam, mota kuwa sai ta dakata su ƙetare. Tun zamanin Sarki Charles na Biyu, shekara fiye da 350 ke nan, garin ya yi suna da sukuwa. A wurin da fadarsa take aka yi gidan tarihin tseren dawaki, wanda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a 2016.

Abin da ya riƙe mu ba hotuna da kofunan azurfa ba ne, wata barga ce a bayan gidan. Nan muka iske dawakin da suka bar tsere ana koya musu sabon aiki. Akwai ƙungiyar taimako mai suna Retraining of Racehorses, wadda aka kafa a shekarar 2000 domin wannan hidima. Dokin tsere yakan fara gudu yana shekara biyu ko uku, da yawa kuwa kafin su kai bakwai an sallame su, alhali doki yana iya yin shekara 25. Sauran shekarun fa? A 2021 gidan talabijin na BBC ya nuna an yanka irin waɗannan dawaki wajen 4,000 a Birtaniya da Ayalan tun daga farkon 2019.

Ashe dokin tsere jahili ne a wajen aikin doki na kullum. Bai san tsayawa cik a hau shi ba, gama a bargar tsere yana tafiya ake ɗaga mahayi a ɗora masa. In ka ɗame linzami, shi a wurinsa alamar ƙara gudu ce. Bai saba jin ƙafar mutum a haƙarƙarinsa ba, domin likkafar masu tsere gajera ce ƙwarai. Dukan wannan sai an kwance masa da haƙuri, wata da watanni, an rage masa hatsi an sake shi a ciyawa, sa'an nan a nema masa gida. Waɗansu su koma wasan folo, waɗansu tsallake shinge, waɗansu kuwa ƙilisa kaɗai. Mu da muke fama da yaran da aka fara koya wa karatu a karkace, ba mu bukaci dogon bayani ba.

Da muka zo wurin ba da gudummawa sai gardama ta tashi. Malamar da ke cikinmu ta ce, “A makarantarmu yara 60 suna zaune a ƙasa, za mu ba dokin Bature kuɗi? Waɗanda suka ci riba da gudunsa su ciyad da shi mana.” Ba wanda ya iya ce mata ba ta da gaskiya. Dattijonmu ya daɗe shiru, sa'an nan ya ce, “'Yata, mahaifina yana da wani tsohon doki da ya kai shi kasuwa shekara 15. Da ya gaza, mahauta suka zo taya shi, ya kore su. Ni ne na riƙa yanko masa ciyawa har ya mutu.”

Ba mu daidaita ba. Uku daga cikinmu muka ba da fam biyu biyu, kuɗin shayinmu na yamma ke nan, biyu suka riƙe nasu. Malamar ta ƙulle nata fam biyun a bakin gyale, ta ce na alli ne. Amma ita ce ta fi kowa daɗewa a bakin bargar, tana shafa goshin wani jan doki, har mai masaukinmu ya yi mata oda sau biyu.