Darar da Ta Yi Shiru

Mu masu buga darar ces ta intanet, da kunne muke tsaron gida. Wata 'yar ƙara ke shaida mana abokin karawa ya yi motsi, wata ta gargaɗe mu lokaci ya ƙure. Ran da suka ɗauke, sai agogo ya kayar da mu alhali nasara na hannunmu.

Saboda haka muka koyi bin sawu daki-daki. Mukan fara da saitin sautin wasan, sannan shafin burauza, ko an rufe masa baki. Sai mahaɗin sauti na Windows, wanda tun fitowar Vista a 2007 kowace manhaja ke da ma'auninta a ciki. Daga nan mu duba inda sautin ke fita, domin sau tari yana can cikin abin kunne na Bluetooth, a aljihun riga.